Faɗuwar Dwight

Maxine ta fizge hannunta daga na Orval a ƙofar ɗakin baje kolin hotuna.

"Sake ni, tsoho. Kai da aka sa wa ƙugun ƙarfe, kai ne za ka riƙe ni?"

"Ƙugun nan ya fi ƙafafunki biyu ƙwari," in ji Orval, amma bai yi dariya ba.

An cika bangon da hotunan wani tsohon fim na zamanin kekunan doki, don tunawa da daraktansa, marigayi Conrad Vessey. Mutanen Los Angeles kuwa ba abin da suke ƙauna kamar mamaci mai suna. Ga su nan da kofuna a hannu, suna ta yaba riguna da hasken kyandir kamar da su aka yi aikin.

Maxine ba ta taɓa kallon fim ɗin ba. Mijinta Dwight da Orval 'yan kasada ne, masu faɗowa daga doki a madadin jarumai. A wajen ɗaukar fim ɗin nan keken doki ya kife ya danne Dwight, bai sake tashi ba. Vessey bai cire wurin daga fim ɗin ba, don a sana'arsu cire faɗuwar da mutum ya mutu a kanta cin mutunci ne. Ita dai tambaya ɗaya ke cin ranta tun tana yarinya ɗanya har ta yi furfura: shin Dwight ya ji tsoro? Da ta ji an fito da wani hoto da aka ɗauka daf da keken, wanda ba a taɓa bugawa ba, sai ta ce yau za ta ga fuskarsa.

"Max, mu juya," Orval ya ce. "Wallahi ba abin da za ki samu."

Ta wuce shi.

Hoton ya kai tsayin ƙofa. Dawakai sun miƙe, ƙafar keken ɗaya na sama, Dwight yana cikin iska sanye da kwat ɗin jarumin. Ta gane ƙeyarsa, ta gane hannun nan mai karkataccen ɗan yatsa. Amma ya juya kansa can gefe, sai kunne kawai ake gani.

"Orval, ina fuskarsa?"

"Haka aka koya mana," ya ce a hankali. "Kana faɗowa, ka kau da kai daga kyamara, kar a gane ba jarumin ba ne."

"Har a lokacin?"

"Har a lokacin. Mai tsoro ne ke mantawa ya juyo."

"Kana faɗa ne don in ji daɗi."

Orval bai musa ba.

Ta daɗe a tsaye. Can sai ta matsa gefen hoton, ta ɗora kuncinta a bango, tana leƙawa ta ɓangaren da Dwight ya juya fuskarsa.