Awa Takwas a Gaban Piyano

Sala mai tumatir ba ta taɓa ganin piyano da idonta ba sai ranar da aka gayyaci iyaye bikin raba kyauta a makarantar 'yarta, a shekarar 1987. Ta rufe teburinta a Kasuwar Malam Atta, ta je ta zauna can baya. Da aka kira 'yar tata, Memuna Issah, yarinyar ta fito ta zauna gaban wani baƙin akwati mai faɗi, ta ɗora yatsunta a kai, ɗakin ya yi tsit. Sala ba ta gane kiɗan ba, amma ta ga manyan mutane masu kwat sun daina fifita da takarda. Ta ja mayafi ta rufe bakinta.

Kafin ta koma unguwarsu Maamobi labari ya riga ta. Matan gidan hayarsu suka ce ai kiɗan coci ne. Yayanta Garuba ya zo takanas daga unguwar Nima ya ce da mahaifin yarinyar yana raye da bai yarda ba. Sala ta ce Memuna ba ta fasa salla ba, ba ta fasa karatun Alƙur'ani ba, don haka a ƙyale ta. Tun daga nan Garuba ya ɗauke ƙafa.

Gab da dogon hutu sai ga malamin kiɗan, Ticha Odartey, har gaban teburinta. Dogon mutum ne mai furfura, yana tsallake ruɓaɓɓen tumatir kamar zai cije shi. Da yaren Ga ya yi mata bayani. Wani baƙo zai zo daga ƙasar waje ya saurari ɗalibai, ya zaɓi guda da za a ɗauki nauyin karatunsa, kuma a ganinsa Memuna ce za ta ci. Amma sai ta riƙa zuwa makaranta kullum cikin hutun nan, ta yi awa takwas a gaban piyano.

Sala ta ce awa takwas bai yi yawa ba? Ko masu dako a kasuwar nan suna sauke kaya su miƙe baya.

Ya yi ɗan murmushi ya ce kowa da sana'arsa, ita ta san tumatir, shi ya san piyano. Duk wanda ya zama wani abu a wannan fanni haka ya yi. Sala ta ji zafin maganar, amma ta haɗiye, ta ce to.

Ta ɗauke wa Memuna duk aikin gida. Ita ke bin layin famfo, ita ke wanki, ita ke ƙulla mata wake da shinkafa a ganye kafin yarinyar ta tafi tashar Kawukudi ta hau motar hayar da ake kira trotro. Yarinyar kan dawo da yamma ba ta son magana, Sala ta ɗauka gajiya ce. Sai wata rana suna cin tuwo ta lura Memuna ta kasa gutsurar loma. Tana matsa tuwon, yatsun sun kasa riƙe shi. Sala ta kama hannun, yarinyar ta yi ƙara. Wuyan hannun ya kumbura, ga zafi kamar an ɗauko shi daga kan murhu.

“Tun yaushe?” in ji Sala.

“An daɗe, Mma. Na gaya wa Ticha. Ya ce ciwon alama ce hannun yana yin ƙarfi. Ya ce in ɗaure da tsumma in ci gaba, kada in gaya miki, za ki hana ni.”

Likitan da ya duba ta a asibiti ya ce jijiyoyin hannun ne suka kumbura saboda wahala. Da ya ji yawan awoyin, ya ajiye alƙalaminsa ya dubi Sala kamar ita ce mai laifin. Ya ce yarinya mai shekara sha shida awa biyu ko uku sun ishe ta, su ma da hutu a tsakani, kuma da zarar hannu ya yi ciwo a tsaya. Ya hana ta taɓa piyano har wata huɗu. Baƙon ya zo ya tafi, aka ɗauki wata yarinya. Memuna ta yi kwanaki tana kuka tana juya fuska ga bango. Ticha Odartey bai aiko ko da gaisuwa ba.

Duk da haka Sala ta yi niyyar barin sa da Allah. Abin da ya tunzura ta daga baya ya zo. Wata mata da 'yarta ke makarantar tana zaɓen tumatir, sai ta ce cikin yaren Twi, da muryar tausayi, ta ji an ce Sala ta cire yarinyar daga kiɗa don ta riƙa yi mata talla. Ticha ne ya faɗa wa ɗalibai. Ya ce 'yan Zango, wato mutanen unguwannin Hausawa, haka suke, ko ka ɗora su kan hanya ba sa jure wahala.

Sala ta zube tumatirin da ta auna ya koma cikin kwando. Washegari da safe ta sa Memuna a gaba har ofishin shugabar makarantar, ta ce ba za ta zauna ba sai an kira Ticha Odartey. Da ya shigo, ta kwance bandejin da likita ya ɗaura, ta ɗaga hannun 'yarta.

“Madam, ki duba. Wannan hannun talla ya ɓata shi? Na ɓata da ɗan'uwana saboda kiɗan nan. Na yi ta ɗaukar ruwa da kaina don kada ta ɗauki ko bokiti. Ya ce kullum, ta zo kullum. Ya lalata mata hannu, ya koya mata ta ɓoye mini, sannan ya tsaya gaban yara ya zagi unguwarmu.”

Ticha Odartey ya ce shi bai zagi kowa ba, an juya maganarsa ne. Ya ce lokacin da yake saurayi fiye da haka yake yi, kuma ga shi lafiya lau. Yana cikin maganar ya miƙa hannu zai ja kujera, Sala ta ga yatsunsa biyu na dama a lanƙwashe, ba sa buɗewa. Ta tambayi Memuna ko ta taɓa jin ya kaɗa waƙa guda daga farko har ƙarshe. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce a'a, layi biyu yake nunawa ya tashi.

“Ashe ka sani,” in ji Sala. “A jikinka abin yake, ka sani, ka ce ta ɗaure da tsumma.”

Ya zura hannun cikin aljihu, ya kau da kai wajen taga. Sala ta ce abu ɗaya take so, ya tsaya gaban ɗaliban nan ya faɗi abin da ya faru. Shugabar ta ce ba a yi wa malami haka gaban yara, amma ita za ta sanar a taron safe cewa Memuna ciwo ta yi. Sala ta ce ciwon daga sama ya faɗo? Shugabar ta yi ta ba ta haƙuri, kuma iyakar abin da aka yi ke nan.

Da hannun ya warke, Ticha ya ce shi ba ya koyar da mai awa biyu ko uku. Shugabar ta ba Memuna izinin shiga ɗakin piyano bayan an tashi, ta riƙa yi ita kaɗai, in hannun ya fara tsami ta rufe ta taho gida. Saurin da take da shi a da bai dawo duka ba, amma ba ta daina ba.

Gab da azumi Ticha Odartey ya shigo layin 'yan tumatir da jaka a hannu, ya tsaya gaban teburinta ya gaishe ta. Sala ta amsa sallamar wata mata da ke bayansa, ta auna mata, ta yi mata gyara. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya wuce teburin gaba.