Hotunan da Kallamu ya bari

Bayan rasuwar Kallamu a hatsarin mota a hanyar Fatakwal, kamfanin man da yake wa aiki ya aiko da kayansa gida, a unguwar Uwani, har da kwamfutarsa. Matarsa Barira ta jona ta a shagonta na buga takardu da ke ƙofar gida, kusa da tata.

Uwarsa, Dada, ita ta fara lura da abin. In aka bar kwamfutar minti goma ba a taɓa ba, sai hotuna su fara wucewa a fuskarta: Kallamu da hular kwano a bakin ruwa, Kallamu a Kasuwar Artisan wajen 'yan albasa. Tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai ta jawo kujera ta zauna jira. Amma ko tebur aka girgiza sai hotunan su ɓace, a koma jiran wani minti goman. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ta gyara mayafi ta ci gaba da zama.

Abin ya dami Barira. Ta binciko littafin da mijinta yake rubuce-rubucen aiki a ciki, ta sami shafin da ya jera umarnin da ake rubuta wa shirin hotunan. Ta haɗa kwamfutocin biyu da waya kamar yadda ya zana. Kwana uku tana kuskuren harafi, na'urar tana ƙi.

A rana ta huɗu Dada na zama, Barira ta buga layi ɗaya na umarni daga nata teburin. Hotuna suka fito nan take.

"Yau ba jira?" in ji Dada.

"Babu, Dada. In kina son wani ya dawo ma, ki faɗa."

Kallamu ɗan farin Dada ne, ba ta kama sunansa.

"Mayar min da na bakin ruwan nan. Mai gidanki ya rame a wurin."

Barira, wadda tun rasuwar take kau da kai daga hotunan, dole ta duba don ta nemo shi. Ya rame kuwa. Ta tuna lokacin, zazzaɓi ya yi, ya hana ta gaya wa uwarsa.

"Aiki ne ya yi masa yawa," ta ce.

Dada ta matsa mata wuri a gefen kujera. Wani mai takarda ya leƙo, Barira ta ce ya dawo gobe.