Gyaran Jitar Farko

Da surukinsa ya shigo shago rungume da doguwar jaka, yana takawa a hankali kamar wanda aka ba riƙon jariri, Kafinta ya zaci aikin gyara aka kawo masa. Da aka zuge jakar ya leƙa, sai ya ja da baya. Duk duniya babu abin da ba ya son gani kamar wannan koriyar jita.

"Baba, ka gane ta?" in ji surukin, mijin autarsa, dillalin tsofaffin kaya, baki har kunne.

Yo ina zai kasa gane ta? Ita ce jitar bes ta farko da ya taɓa ƙerawa, mai wayoyi huɗu masu kauri, irin wadda ake jona wa lasifika ta riƙa ruri a ƙarƙashin waƙa har mutum ya ji a ƙirjinsa. Lokacin da ya yi ta ko gemu bai fara ba, kuma bai taɓa riƙe jitar bes da hannunsa ba. Hoto kawai ya gani a wata mujalla. Ya cire ƙyauren ɗakin babarsa ya yanka gangar jikin, ya warware wayar tagulla daga wata ƙonanniyar fanka ya naɗa a jikin maganaɗisu don ta ɗauki sauti, ya shafa mata ragowar koren fentin da suka yi wa tagogin wata makaranta. Babban abin kunyar shi ne 'yan ƙarafunan da ake jerawa a wuyan jita, inda yatsa ke danna waya. Da ido ya kwaikwayi tazararsu daga hoton, bai san cewa mai hoton a karkace ya tsaya ba. Haka ƙarafunan suka fito, wasu sun matsu, wasu sun yi nisa, babu guda ɗaya da ke inda ya kamata.

Wani abokinsa makaɗi da ake kira Rugugi ne ya karɓe ta a lokacin, don ba shi da wata. Kafinta ya sha roƙonsa ya kawo ta a canza masa da sabuwa kyauta, ya ƙi.

"Daga wurin Rugugi ka ɗauko ta?"

"Aro ya ba ni, da ƙyar da roƙo. Baba, ƙungiyar masu kishin tsofaffin kayan kiɗa za ta yi baje koli. A akwatin gilashi za a saka ta, a tsakiyar zaure, a rubuta sunanka a ƙasa da ruwan zinari. In an gama a mayar masa."

Kafinta ya ɗaga kai ya dubi bango. Jitoci ne a rataye reras, aikin tsufansa, kowacce wuyanta a miƙe sambal, fentinta na ɗaukar ido. Shekara da shekaru ya kwashe yana koyon yadda ba zai sake yin irin waccan ɓarnar ba, yau ga shi ya iya, amma ƙura ce kawai ke ziyartarsu.

"Su ɗauki ɗaya a nan. Su ɗauki duka ma."

"Haba Baba, wa zai kalli sabuwa? Sabuwa ai ko a kanti akwai."

Da la'asar sai ga shugaban ƙungiyar da kansa, da mutum biyu a bayansa masu gyaɗa kai. Ya sa farar safar hannu kafin ya taɓa jitar. Ya sunkuya ya shinshina ta, ya lumshe ido. Wurin da zufar Rugugi ta cinye fenti har katako ya fito ya yi baƙi, nan ya fi daɗewa yana kallo, yana cewa tarihi ke nan, tarihi. Da aka jona ta sai ta fara zizar nan tata kamar sauro ya shiga kunne, Shugaba ya ɗaga yatsa ya ce kowa ya yi shiru a saurara, wai numfashin zamanin ne.

"Ku dubi jeren ƙarafunan nan," ya ce wa mutanensa. "Mutumin nan tun yana matashi ya yi wa ƙa'ida tawaye. Da gangan ya ƙi bin ma'aunin kowa."

"Ranka ya daɗe, ba tawaye ba ne," in ji Kafinta. "Hoton da na kwafa ne a karkace."

Shugaba ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. "Kun ji tawali'u irin na manya. Rubuta, kai, rubuta wannan."

Suka ce za su bar ta a shagon zuwa mako mai zuwa, don mai hoto zai zo ya ɗauki Kafinta riƙe da ita a gaban bencinsa. Abin da ake so ya yi kawai ya sa hannu a bayanta. Kada ya goge ko ƙura, in ji Shugaba, ƙurar ma tana cikin kayan.

Aka bar shi da ita. Ya jingine ta a kusurwa ya juya mata baya, ya ci gaba da aikinsa, amma ina! Ko zarto ya ɗauka sai ya waiga. Abin da ke cin ransa ɗaya ne. Mutane za su yi layi, jikokinsa za su zo, yaran da ya koya wa aiki yana dukan hannunsu in suka auna da ido za su zo, duk su tsaya gaban gilashi su karanta sunansa a ƙarƙashin wannan abu. Bayan ya mutu ma abin da za a ce ya iya ke nan. Wallahi ya ji kunya har cikin ƙashinsa.

Matarsa ta kawo masa shayi ta tarar ya kwantar da jitar a benci, rula a hannunsa.

"Malam, ba cewa aka yi kada ka taɓa ba?"

"Aunawa kawai nake yi."

"Na san aunawarka. Haka ka auna mini kujera, na wayi gari ta zama tebur."

"Ƙarfe ɗaya ne, na bakwai ɗin nan. Shi ya fi tsone mini ido. Zan ɗan matsa da shi, ba wanda zai lura."

Ta ajiye kofin ta yi tafiyarta tana girgiza kai.

To, da na bakwai ya koma wurinsa, sai na shida da na takwas suka fito fili da karkatarsu, abin ya fi da muni. Ya cire su. Kafin shayin ya huce ya zare ƙarafunan gaba ɗaya. Ramukan da suka bari kuma ba sa daidai, dole ya ɓamɓare allon wuyan ya sa sabo. Sabon allo a kan lanƙwasasshen wuya ai wasa ne, sai ya gasa wuyan ya ɗaure shi a ƙarfen matse katako har ya miƙe. Washegari ya buɗe cikinta ya ga naɗin wayar fankar nan, ya yi tsaki, ya tsinke shi ya yi sabon naɗi mai tsabta. Zizar ta ɗauke ɗif. Daga nan kuma wa zai bar wannan koren fentin tagogi a kan aiki irin wannan? Ya kankare shi tas, har da baƙin wurin zufar, ya goge katakon har ya yi santsi, ya fesa mata fenti ruwan ƙasa mai duhu, shafi bisa shafi.

Rabon da ya ji daɗin aiki haka har ya manta. Yana yi yana 'yar waƙa. Tsohon allon da tarkacen wayar ya tattara ya zuba a kwandon shara da hannunsa, ya tsaya a bakin ƙofa har mai kwasar shara ya wuce da su. Da ya gama ya juya bayanta ya sa hannu, baƙaƙe manya-manya, don yanzu kam ta cancanci sunansa.

Ranar hoto ya sa rigarsa mai kyau. Ya lulluɓe jitar da zane, sai da Shugaba da mutanensa da surukin da mai hoto suka hallara sannan ya yaye.

Surukin ya nemi kujera ya zauna.

"Ina tamu?" in ji Shugaba.

"Ga ta nan gabanka. Ɗan gyara na yi mata. Jona ta ka ji, ranka ya daɗe, kowane ƙarfe a kan ma'auni yake."

Shugaba bai ko sa safar hannunsa ba. Ya zagaya bencin sau ɗaya, ya dubi mutanensa, su ma suka dube shi don su san irin fuskar da za su yi.

"Wannan ba aikin Kafinta ba ne."

"Ikon Allah! Ni ne fa Kafinta."

"Kai ne, ba mu musa ba. Amma mu wancan muke nufi, na da, mai basira. Ka yi haƙuri dattijo, ba ka fahimci aikinsa ba. Mu da muka yi nazarinsa mun san ba zai taɓa yin abu a miƙe haka ba."

Ɗaya daga cikin masu gyaɗa kai ya ce kamata ya yi a yi doka, a riƙa raba tsofaffin kaya da waɗanda suka yi su tun kafin su lalata su. Shugaba ya ce a rubuta wannan ma. Mai hoto ya tambaya ko ya ɗauka, aka ce ya ɗauki me? Suka fita. Surukin ya tsaya a ƙofa, ya buɗe baki ya rufe, ya tuna cewa uban matarsa ne, sai kawai ya ce, "Baba, sannu da aiki," ya bi bayansu da gudu yana kiran Shugaba.

Kafinta ya fusata ƙwarai, amma can ƙasan ransa ya ji sanyi. Su je da gilashinsu. Mutanen da ke shinshinar jita me suka sani? Wanda zai yaba aikin nan makaɗi ne, mai kunne, kuma akwai shi. Ya saka ta a jaka ya hau motar haya zuwa gidan Rugugi.

Ya same shi a ɗakinsa, zaune a bakin gado kusa da tsohuwar lasifikarsa. Rugugi ya tsufa, gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura, ko maɓallin riga sai jikarsa ta saka masa. Amma duk ƙarshen mako yana haɗuwa da sauran abokan kiɗansa da suka rage, su kaɗa waƙoƙinsu na da a bayan shagon wani mai gyaran rediyo. Abin da ya rage masa ke nan, kuma tun da aka ari jitar bai je ba.

"Har an gama baje kolin?" ya tambaya, hannunsa na kan jakar tun kafin Kafinta ya zauna.

"Rabu da su. Buɗe ka ga abin da na daɗe ina son yi maka."

Rugugi ya buɗe. Ya daɗe yana kallo. Ya shafa wurin da hannunsa ya saba kwanciya, ya ji santsi, ya janye hannun.

"Ta yi kyau," ya ce a hankali.

"Kyau? Kaɗa ka ji, mutumina!"

Ya rataya ta, ya jona, ya karkata kai yana jiran zizar da ya saba dannewa da tafin hannu. Shiru. Ya fara waƙar da ya fi kaɗawa a rayuwarsa, wadda ko cikin barci aka tashe shi zai kaɗa. Sautin farko ya fito a karkace. Na biyu ya fi shi. Kafinta ya zuba wa yatsun ido, sai a lokacin ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba. A kowane ƙarfe Rugugi yana ɗan jan wayar gefe, nan kaɗan, can da yawa, wani wurin ya tsallake ƙarfen gaba ɗaya. Shekarun nan duka yatsunsa ne ke gyara kuskuren jitar tun kafin ya kai kunne. Yanzu babu kuskuren, su kuwa yatsun ba su daina gyarawa ba.

"Kada ka ja wayar," in ji Kafinta. "Danna kawai. Daidai take yanzu."

"Na sani."

Ya sake farawa. Ya cije leɓe, ya kafa wa hannunsa ido kamar ɗan koyo, ya samu sauti uku masu kyau, a na huɗu yatsan ya koma halinsa. Ya sake. Ya kuma sakewa. Jikarsa ta leƙo daga ƙofa ta tambaya wa ke wasa da jitar Kaka, da ta ga shi ne ta koma da sauri.

Rugugi ya kashe lasifikar. Ya ɗora hannayensa a gwiwa.

"Kafinta, ka ga yatsun nan? Ba su da sauran koyon wani abu. Ban iya jitar bes ba, ni waccan na iya." Ya cire ta daga wuyansa ya miƙa masa da hannu biyu. "Don girman Allah ka mayar mini da ita yadda take. Ba na son fentin, ba na son komai. Ƙarafunan kawai."

Kafinta ya ji kamar ya nutse a wurin. Ya so ya ce allon ya tafi da shara, ya so ya ce mujallar ta ɓace tun babarsa na da rai.

"To," ya ce. "Zan mayar."

Bai tsaya ko'ina ba sai shago. Bai cire rigarsa mai kyau ba. Ya ɗauko sabon allo ya ɗaure a benci, ya jefa rula cikin aljihun tebur ya rufe. Ya tsaya a karkace, ya kanne ido ɗaya, ya ja layukan ƙarafunan da fensir, da ido kawai, yadda ya yi yana yaro. Da ya kai ƙarshe ya ɗauko rular ya auna don ya ga yawan karkatar da ya samu.

Kowane layi yana daidai inda ya kamata.

Ya goge, ya koma ɗaya gefen bencin, ya sake ja da sauri ba tare da tunani ba. Ya auna. Daidai. Ya gwada da hannun hagu. Na bakwai ya ɗan kauce, har ya fara murna, sai ya ga tun kafin ya ankara babban yatsansa ya goge layin ya mayar da shi wurinsa.

Matarsa ta leƙo ta ce abinci na hucewa. Ya ce ta rufe, yana zuwa. Ya goge allon ya sake ɗaukar fensir.