Kamu Goma Sha Shida

Shekara talatin da uku ke nan ba a sami wanda ya kamo tarihin Ƙyaure ba: wasa goma sha huɗu a jere ba a zura masa ƙwallo ko ɗaya ba. Shi ne mai tsaron ragar Makanikai a kaka ta bakwai ta gasar yanki, kuma duk wanda ya kawo mota garejinsa sai ya sha labarin kafin ya ji abin da ke damun motarsa. Ba ƙarya yake yi ba, maimaici ne dai ya yi masa yawa.

Da gasar ta cika shekara arba'in, kwamiti ya ɗora wa 'yar Ƙyaure, malamar lissafi, aikin rubuta tarihinta. Ƙyaure ya ji daɗi har cikin ransa. Shi ya yi mata jagora, yana nuna mata filin bayan ma'ajiyar katako inda ƙungiyoyi huɗu suka fara, Makanikai da Mahauta da Teloli da 'Yan Tasha, da ƙwallo ɗaya mai faci da usur na aro. Yau ƙungiya ashirin da shida ce, kuma ba kakar da aka taɓa fashi.

Sai dai malama tana da wani hali, ba ta yarda da abin da ba ta auna ba. Ran da suka je wurin Mai Walda, tsohon da ya ƙera ragogin farko, suka tarar sandar saman ɗaya daga cikinsu ce ke riƙe da rumfar shagonsa. Ta zaro tef daga jaka, ta auna, ta sake aunawa.

"Kawu, da me ka auna wannan ƙarfen?"

"Da me kuwa? Alƙalin wasa ya ce kamu goma sha shida, na ɗora hannuna daga gwiwa zuwa yatsa," in ji Mai Walda. "Wa ke da tef a lokacin?"

Mai Walda kuwa mutum ne da sai ya taka benci yake sauko da abu daga kanta. Kamunsa bai kai na mutane ba. Faɗin ragar ya gaza taƙi biyu cur, kuma haka ya yi wa kowane fili har kaka ta goma sha tara, da aka sayo sababbi.

Mai Walda ya yi ta dariya har da tari. Ƙyaure bai yi ba.

A hanya 'yarsa ta rage murya ta ce, "Baba, mu uku kaɗai muka sani. In ka ce a bari, sai in bari."

Ya koma gareji, ya shige ƙarƙashin wata mota da sifana a hannu, ya yi awa guda bai kwance noti ko ɗaya ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Yana tuna ƙwallayen da suka daki turke suka fita a waccan kakar, waɗanda ya daɗe yana cewa kwarjininsa ne ya kore su. Ya ƙirga takwas. Taƙi guda ta kowane gefe, da aƙalla rabinsu sun shiga, da yanzu shi bakanike ne kawai mai ciwon gwiwa. Ya san 'yan gareji ba za su raga masa ba, kafin yamma sun sauya masa suna zuwa Taga.

Yana cikin ƙirga masu bugun ne ya lura biyar daga cikin takwas ɗin ƙafa ɗaya ce ta bugo su, ƙafar hagun Bahago, ɗan wasan gaban Mahauta. Shekara goma shi da Ƙyaure suna gaba da juna a fili, sauran shekarun kuma suna zama benci ɗaya suna musu. Bahago ya ci ƙwallo talatin da ɗaya a kaka ta tara. Shekara biyar da suka wuce wani ɗan Teloli ya ci talatin da biyu a sababbin ragogi, aka sauke sunan Bahago daga allon tarihin gasar, ya tashi ya tafa wa mutumin, ya koma gida shiru. Bai ga kaka ta gaba ba, Allah ya yi masa rasuwa.

Ƙyaure ya fito daga ƙarƙashin motar, ko hannu bai wanke ba, ya nufi makarantar da 'yarsa ke koyarwa. Ya same ta a ɗakin malamai tana duba takardun jarrabawa.

"Ɗauko biro," ya ce. "Ki rubuta taƙi biyun nan, ki sa sunan Kawunki da gajeren hannunsa."

"Baba, tarihinka fa?"

"Ni ragar gata ta yi mini. Bahago kuwa cutarsa ta yi, kuma duk da haka ya ci talatin da ɗaya. A wannan 'yar ƙofar! Ki rubuta yadda matarsa da 'ya'yansa za su karanta su gane, ki sa sunansa sama da nawa."

Ta fara rubutu, idonta ya ciko. Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga kai kamar mai karɓar kofi.

"Shida daga ciki ni ya zura wa. Wannan ma ki sa."