Gwiwar Anselmo

Da safiyar ranar wasan ƙarshe, tun kafin 'yan wasa su gama karyawa, Don Casimiro ya san gwiwar Anselmo ta tashi daga aiki. Bai nemi likita ba. Shekara ashirin da biyu yana tausar ƙafafun 'yan ƙwallon ƙasarsa, har yatsunsa sun fi idanunsa gani. Ya ɗora babban yatsa a gefen gwiwar dama, ya riƙe idon sawu, ya ɗan karkata ƙafar waje, sai ya ji ta bi shi zuwa inda gwiwa ba ta zuwa. Gumi ya tsattsafo wa Anselmo a goshi, ga shi kuwa ɗakin da sanyi.

"Tun yaushe?" in ji Casimiro.

"Tun wasan Laraba. Minti biyar a tashi."

"Kwana uku ke nan kana yawo da wannan abu kana yi mini murmushi."

"Da na zo maka ranar Laraba, Tsoho, da yanzu ina gida ina sauraron sakamako a bakin ofishin jarida, ni da masu sayar da gyaɗa."

Anselmo Larrosa ba ƙaramin ɗan wasa ba ne. Ɗan wata mai wankau ne daga unguwar bakin teku a Montevideo, babban birnin ƙasarsu, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, kuma shekara goma shi ne ginshiƙin tsakiyar fili. Gasar ƙasashen yankin sau huɗu ya buga. Har a nan maƙwabciyar ƙasa, ƙetaren kogi, inda ake gasar bana kuma ba mai ƙaunar su, yara kan bi bayan motar ƙungiya suna kiran sunansa. Yanzu shekarunsa talatin da uku, kuma kowa ya san wannan ce gasarsa ta ƙarshe.

To, a wancan zamani ba a canjin ɗan wasa. Sha ɗayan da suka shiga fili su ne da wasan har a busa tashi. Wanda ya karye a kwashe shi, 'yan uwansa su ƙarasa su goma. Saboda haka kafin a rubuta sunaye, kyaftin kan tara kowa ya tambayi mai tausa lafiyar mutum ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da mai tausa ya faɗa shi ke nan, ba a ƙara ba a ragewa. A shekara ashirin da biyu ba a taɓa kama Casimiro da ko rabin ƙarya ba. Ba shi da gida nasa, ba shi da mata, haƙoransa ma saura kaɗan. Wannan amanar ita ce duk abin da ya tara a duniya.

"Ɗaure mini ita kawai," in ji Anselmo. "Ka ɗaure tamau, ka yi shiru. Canjaras ya ishe mu mu ɗauki kofi. Ko da ƙafa ɗaya na tsaya, mutum biyu za su sa a kaina, sunana kaɗai suke tsoro. Ka san haka ne."

"Na san idan ka juya a kanta sau ɗaya, shi ke nan."

"Ba zan juya ba."

"Ɗan tsakiya ne ba zai juya ba? To sandar gola za ka zama?"

Anselmo ya yi 'yar dariya, sai kuma fuskarsa ta koma yadda take. Ya kama hannun tsohon da hannu biyu. "Kai ka riƙe 'yata Delmira a coci ranar da aka zuba mata ruwan baftisma. Tun daga ranar ban taɓa roƙonka komai ba, ko sau ɗaya. Yau na roƙa."

Nan ya kama shi a inda ba ƙashi. A wajen mutanen nan, wanda ka riƙe wa ɗa a gaban limamin coci ya wuce aboki, ya zama ɗan uwan da ba a ce wa a'a. Kuma a faɗi gaskiya, ko ba Delmira, Casimiro yana son mutumin nan kamar ɗan cikinsa. Shi ya fara ganinsa yana buga ƙwallon tsumma ba takalmi, shi ya kai shi ƙungiya. Ya ji haushin Anselmo har wuya saboda ya ɗauko wannan magana, ya kuma ji haushin kansa, domin hannunsa ya riga ya kai kan bandeji.

Da ƙarfe goma sha ɗaya aka taru a tsakar gidan da aka sauke su, ƙarƙashin rumfar inabi. Ƙwaryar mate, shayin ganyen da suke sha a can, tana zagayawa hannu zuwa hannu, kowa ya zuƙa ya miƙa. Kyaftin Nicanor, mahauci ne a gida, mai tsaron baya a fili, mutum ne da ba ya maimaita magana. Ya riƙe takarda da fensir yana kiran sunaye, Casimiro yana amsawa. Gola lafiya. Wane ya yi targaɗe a yatsa, amma ba komai. Wane cikinsa ne ya ɓaci saboda haɗama, zai ware kafin la'asar. Aka yi dariya.

A ƙarshen benci Ubaldo yana zaune, shi ne na biyun Anselmo a wannan gurbi. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, direban taragon cikin gari, gasa uku ke nan yana biyo ƙungiya bai taɓa taka fili ba. Ya goge takalmansa tun asuba, kamar yadda yake yi kowace ranar wasa, ya ajiye su ƙarƙashin benci.

"Anselmo," in ji Nicanor.

"Lafiya lau."

Nicanor bai rubuta ba. "Na ga kamar yana saukowa bene yana dafa bango."

"Tsufa ne," in ji wani daga baya. "A saya wa kaka sanda." Aka sake dariya, har da Anselmo.

Nicanor bai yi dariya ba, Casimiro yake kallo. "Don Casimiro, ka taɓa ƙafar da hannunka?"

"Na taɓa."

"To?"

A daidai lokacin ƙwaryar ta iso hannun Casimiro. Ya zuƙa a hankali, ruwan ya ƙone masa harshe bai ji ba. Yana iya ganin Anselmo ta wutsiyar ido, yana wasa da igiyar takalmi kamar maganar wani ake yi.

"Buguwa ce kawai," ya ce. "Zai buga minti casa'in."

Nicanor ya rubuta sunan nan take, ko sake ɗaga kai bai yi ba. Wannan saurin yardar shi ya fi yi wa tsohon ciwo. Ubaldo ya sunkuya ya tura takalmansa can ciki ƙarƙashin benci, ya ce shi zai ɗauki bokiti.

Filin ya cika ya batse tun azahar. Benayen katako suna ƙara saboda nauyin mutane, waɗanda suka rasa wuri sun zauna a ƙasa har bakin layi, 'yan sanda a kan dawaki suna tura su baya suna dawowa. Casimiro ya durƙusa a gefen layi da soso da kwalbar man zafi, Ubaldo a gefensa cikin kwat ɗin fita unguwa, riƙe da bokitin ruwa. Mutum dubu talatin suna kallon ƙwallo, shi kaɗai yake kallon gwiwa ɗaya.

Minti goma na farko, har ya fara jin ko bai yi laifi ba. Anselmo bai yi ƙarya ba, mutum biyu masu masauki suka sa masa, shi kuwa ba ya gudu, ƙwallo ce ke zuwa wurinsa ya raba ta da taɓawa ɗaya. Ya ba da wata doguwa da ta tsaga bayansu gida biyu, sai da golansu ya yi tsalle kamar kyanwa kafin ya ture ta. Har 'yan kallon da suka zo zaginsa suka tafa ba da son ransu ba.

"Dubi mutumin nan don Allah," in ji Ubaldo, ba hassada ko kaɗan a muryarsa. "Ni ko shekara ɗari zan yi ba zan ga wannan hanyar ba."

Casimiro yana ƙirga mintuna a agogon aljihunsa, kowane minti ɗaya kamar an sauke masa dutse. Sha biyar. Ashirin. Ya fara roƙon Allah a kai hutun rabin lokaci, ya sake ɗaure bandejin, daga nan kuma a ga abin da hali zai yi.

A minti na ashirin da shida wani siririn ɗan gaba na masu masauki ya zo da ƙwallo, ya yi kamar zai bi dama, ya karya hagu. Shekara goma na sabo ba ya jin gargaɗi. Anselmo ya dasa ƙafar dama ya juya. Ba wanda ya taɓa shi. Ya faɗi shi kaɗai, kamar buhun da aka kwance wa baki.

Casimiro ya ruga, gwargwadon gudun tsoho. Kafin ya iso gwiwar ta fara kumbura ta cikin bandeji. Nicanor ya tsaya a kansu yana haki, ya dubi ƙafar, ya dubi bandejin da ya taso tun daga ƙauri har cinya, ɗaurin da ba a yi wa buguwa. Ya juya ya kira ɗaya daga cikin 'yan gaba ya ce ya dawo tsakiya.

Anselmo ya ƙi a fitar da shi. Aka tura shi can gefen hagu ya tsaya, yana jan ƙafa, don a ce dai akwai riga a wurin. Masu masauki ba su ɗauki minti biyar ba suka gane. Mutum biyun da ke kansa suka bar shi suka tafi gaba, kuma wannan watsarwar ta fi duk zagin da aka yi masa a rayuwa. Sau ɗaya ƙwallo ta gangaro ta gabansa, taku huɗu kacal, babu kowa tsakaninsa da gola. Ya yunƙura, ƙafar ta ƙi, ƙwallon ta wuce ta fita. 'Yan kallo suka bushe da dariya, wani ya jefo masa ɓawon lemo.

Sauran goman suka yi abin da ɗan Adam zai iya. Nicanor ya tare ƙwallo da kai har igiyar ɗinkin fatar ta fasa masa goshi, aka ɗaura masa hankici ya ci gaba, aka take masa idon sawu ya ci gaba. Sun riƙe har saura minti bakwai. Sannan siririn nan ya sake zuwa ta tsakiya, ta daidai wurin da Anselmo ya saba tsayawa, ya tarar da ɗan gaban da bai san aikin ba, ya wuce shi, ya buga ƙasa-ƙasa. Ihun da ya tashi sai da ya firgita dawakan 'yan sanda. Ubaldo ya ajiye bokitin a hankali, ya zauna a ƙasa da kwat ɗinsa.

Ɗakin canja kaya yana ƙarƙashin benen katako, ƙura tana zubo musu saboda tsallen masu murna a sama. Gola yana kuka, bai ma ɓoye ba. An kwantar da Anselmo a kan tebur, Casimiro yana yanke bandeji da almakashi.

Nicanor ya zauna a benci, hankicin goshinsa ya yi ja. "Don Casimiro," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Ka sani?"

Kafin tsohon ya buɗe baki Anselmo ya ɗago a kan gwiwar hannu. "Bai sani ba. Ni na ɓoye masa. Na ce masa buguwa ce, na ƙanƙame ƙafar da ya taɓa, ni na ce ya ƙara bandeji. Wanda ke da magana ya yi da ni."

Kowa ya juyo. Anselmo ya buɗe masa ƙofa, kuma da yawansu sun so ya bi ta, don ba mai son ganin an tozarta tsoho. Abin da za a ce kawai shi ne hannun Casimiro ya tsufa, har a kawo masa gwiwar da ta tsinke ya kasa ganewa. Zai ci gaba da ɗaukar sosonsa, ana tausaya masa. Sai dai ya riga ya yi ƙarya ɗaya yau, ya ga abin da ta ci. Ga Ubaldo can a bakin ƙofa yana kallonsa, mutumin da aka hana wasansa na farko, wataƙila kuma na ƙarshe.

"Na sani," in ji Casimiro. "Tun da safe. Na taɓa na ji, na kuma san ba za ta kai rabin lokaci ba."

Anselmo ya koma ya kwanta, ya rufe fuska da hannu. Ba wanda ya zagi tsohon, da ma an zage shi da ya fi masa sauƙi. Nicanor ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya sunkuya ya fara kwance takalminsa. Idon sawun ya kumbura ya yi baƙi, sai da ya cije leɓe kafin safar ta fita.

Casimiro ya ɗauki kwalbar mai, ya je ya durƙusa a gabansa kamar yadda ya saba yi bayan kowane wasa shekara tara, ya miƙa hannu. Nicanor ya janye ƙafar ya mayar ƙarƙashin benci.

"Bar shi, Don Casimiro," ya ce. "Ubaldo, leƙa ɗakin mutanen can ka roƙo mini likitansu."