Gaton da Ya Ƙi Tashi

Gato na biyu ma, wato kek ɗin da take gasawa, bai tashi ba. Hanatu ta ture garwashin da ke kan murfi, ta buɗe tukunya, ta tarar da shi shafal kamar faifai. Ta gutsuri gefensa ta kai baki, ta tofar, baurin kanwa ne zalla. Ta jefa wa kaji, su ma suka tsattsaga sau biyu suka yi gaba.

Daga ɗaki mijinta Bitrus ya yi tari. Kwana tara ke nan yana kwance. An yi masa allurai, zazzaɓin ya sauka, amma ya tafi da cin abincinsa. Kunu ba ya shiga, romo ko ƙamshinsa ba ya so. Likita ya gaya wa Hanatu ƙiri-ƙiri cewa in bai fara ci ba, allura ba za ta tashe shi ba. Shekaranjiya ya buɗe ido ya ce, "Da zan sami gatonki, Hanatu, da na ci." Tun daga lokacin ƙafarta ba ta huta ba.

Gaton nan a wajen wata Baturiyar mishan ta koya, can kudu, kafin a turo Bitrus Tawa ya karɓi ajin da wani Bature ya bari shekarar da aka sami mulkin kai. Baturiyar ta rubuta mata komai a takarda: garin alkama, sukari, ƙwai biyu, man shanu, cokalin ruwan kanwa, da kofi ɗaya na tsala, wato nonon da aka kaɗe aka cire mai. Hanatu tana bin takardar nan kamar dokar gwamnati. Ba ta taɓa tambayar dalilin ko layi ɗaya ba.

Ga shi bazara ta yi nisa, masu shanu sun yi kudu neman ciyawa. Mutum ɗaya ce ke shigowa da tsala a irin wannan lokaci, Kande, wata dattijuwa daga tungar da ke hanyar Bambeye. Shekara huɗu tana kawo mata har gida, ta zauna, su yi hira, tana kiranta ƙanwata. Sai mako uku da suka wuce Bitrus ya tsinci ƙwallon kuka a ƙasan kofi. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Mushe ake ce masa, ba ya ganin kuskure ya wuce. Ya ɗaga ƙwallon ya bayyana cewa an dama garin 'ya'yan kuka da ruwa an ƙara yawan nonon, kuma sunan wannan ha'inci. Hanatu ta ɗauki zancen da zafinsa ta kai ƙofar gida, ta sauke wa Kande shi a gaban matan unguwa. Kande ta gyara gammonta, ta ɗora ƙwarya, ba ta sake biyowa ta layin ba.

Shi ya sa gato na farko da madarar gwangwani Hanatu ta yi shi, ya fito kamar tubali. Na biyu da nonon raƙumin da wani Buzu mai suna Rissa ya sayar mata. Ta ajiye shi yini guda ya ƙi barci, ta zuba a haka. Yanzu saura ƙwai biyu, garin kuma na yi ɗaya ne.

Ta shiga ɗaki, ta fito. Ta ɗauki takardar ta sake karantawa, kamar wani layi zai tsiro. Ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Lahadi ce, ta ji maƙwabta suna fita majami'a. Tsoro take ji, tsoron ta zama gwauruwa a garin da ba ta da kowa. Ta yafa gyale ta nufi kasuwa, don Lahadi ita ce ranar kasuwar Tawa.

Sau biyu ta bi layin masu nono daga farko har ƙarshe. Cuku ne busasshe, sai man shanu a kwalabe. Sau biyun nan tana kau da kai daga gindin bangon da Kande ke zaune da ƙwarya ɗaya. A na uku ta tsaya.

"Ina kwana, Yaya Kande."

"Lahiya lau, Madan," in ji Kande, idonta a kan ludayi. "Yau ba ranar addu'arku ba ta?"

Kalmar Madan ta fi mari zafi. Hanatu ta durƙusa.

"Mushe ba shi da lafiya. Kwana tara bai ci komai ba. Gato kawai ya ce yana so, na yi sau biyu ya ƙi tashi. Ki taimake ni da tsala na gaskiya, ko kofi ɗaya."

"Na gaskiya babu shi. Na ha'inci ag gare ni."

"Yaya..."

"Shekara nawa ina kai miki?"

"Huɗu."

"To, bazara huɗu ke nan. Saniya guda muka tatsa, in rani ya yi nisa ko rabin ƙwarya ba ta badawa. Duk bazarag ga, abin da kika zubawa cikin gatonki shi na wanga. Ya taɓa ƙin tashi?"

Bai taɓa ba. Hanatu ta tuna ma na bikin Ista ya fi na Kirsimeti tashi, ita kuwa tana cewa zafin rana ne.

Kande ta miƙa hannu wajen mai sai da kanwa da ke gefenta, ta murza ɗan gutsure a cikin ludayin nonon. Nan take ya hau kumfa, har ya zubo.

"Tsami kanwa ka so, ba saniya ba. Wanga ko mai tuƙin tuwo ta san shi. Takardarki ba ta hwaɗi ba?"

Kunya ta rufe Hanatu, amma bakinta bai mutu duka ba. "Da kin gaya mini tun farko kina sa kuka."

"Da na gaya miki," in ji Kande. "Ke ma da kin tambaye ni cikin ɗaki, ni da ke."

Sai Kande ta leƙa ƙwaryar, ta ce wannan ya sha rana, ba na mara lafiya ba ne. Ta bar shi wajen mai kanwa, ta ƙulle 'ya'yan kuka a bakin zane, ta miƙe. "Mu tahi, tun Mushe bai canza shawara ba."

A gida Kande ta jiƙa kukar, ta murje, ta tace a cikin sauran madarar gwangwani. Hanatu ta fasa ƙwan nan biyu. Da ruwan kanwa ya shiga, ƙullun ya ɗago yana ƙananan idanu. Ta ɗora tasa kan rairayin da ke cikin tukunya, ta rufe, ta jera garwashi. Sau uku ta kai hannu za ta ɗaga murfi, sau uku Kande ta buge hannun.

Ya tashi. Ya kumbura har ya taɓa murfi, samansa ya tsage.

Hanatu ta kai wa Bitrus yanka ɗaya da ɗuminsa, ta tallafo shi ya jingina da bango. Kande ta tsaya bayan asabari. Ya ci loma ɗaya a hankali, ya ƙara ta biyu.

"Kin gani ko?" in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Nono mai kyau daban ne. A ina kika samo?"

Kafin ta amsa, haƙorinsa ya ci karo da wani abu. Ya zaro shi, ya kai kusa da ido. Ƙwallon kuka ne, baƙi, ya gasu. Kande ce ta yi tatar, kuma idonta ras yake.

Bitrus ya daɗe yana juya ƙwallon. Ya dubi matarsa, ya dubi ƙafafun da ke ƙarƙashin asabari, masu ƙurar kasuwa. Sannan ya ajiye shi a gefen faranti.

"A shimfiɗa wa baƙuwa tabarma," ya ce. "Ni kuma a ƙaro mini."