Kyanwar Kaka Habi

Mutum uku suka danne Zinariya a tsakar gida. Yayanta Attahiru ya hau kan ƙafafunta, mijinta Mode ya riƙe hannuwanta yana kau da kai, maƙwabciyarsu Larai ta tallafe mata ƙeya. Atiku wanzami ya zaro kibiya daga garwashi, bakinta ya yi jawur, ya yi bismilla, ya soka ta a kumburin da ke gaban wuyan Zinariya.

Ƙauri ya tashi kamar ana babbakar kan akuya. Zinariya ta buɗe baki, amma ihun bai fito da wuri ba. Sai da wanzami ya zare kibiyar sannan wata murya mai kauri ta fito, kai ka ce ta wani tsoho ce.

"Ku riƙe ta dai," in ji Atiku. "Saura biyu."

Ya soka ta biyu, ya soka ta uku. Ya sa manyan yatsunsa ya matse kumburin har idanunta suka firfito. Jini kawai ya tsatso, ya gangara cikin gwadon da take lulluɓe da shi.

Atiku ya goge hannunsa a ƙasa. "Babu mugunya ciki, babu ruwa. Shekara talatin ina sakiya garin Wurno, ban ga maƙoƙon da ka sa mutum rawar ɗari tsakiyar bazara ba. Wanga ba ciwon ƙarhe ba ne, Attahiru. Akwai mai riƙe da ita."

"Wa ke nan?"

"Ni wanzami ne. Ku duba mai shigowa gidanga."

To, ita Zinariya shekara biyu baya ba haka take ba. Ita ce mai ɗauko kwandon albasa daga fadamar Rima ta kai shi kasuwar Goronyo, ta dawo a ranar, ta kuma yi dakan tuwo. Sai abu ya fara da barci. Daga nan jikinta ya yi nauyi ba don ci ba, fuska ta kumbura, gashi ya riƙa bin matsefi, fata ta bushe kamar ta damo. Jinin wata ya rikice. Idan aka yi mata magana sai ta ji kamar daga ƙasan rijiya take jawo amsar, kafin ta kai baki mai tambaya ya gaji ya tafi. An sha rubutu, an yi turare, an jiƙa saiwoyi. Da farko Attahiru cewa ya yi lalaci ne, har ya taɓa zabga mata igiyar jaki don ta tashi. Da ya ga ko kare kanta ba ta iya yi, sai ya zauna a ƙofar ɗaki ya yi kuka. Haka yake, son ƙanwarsa da zafin hannunsa tare suke tafiya.

Yanzu ya juya ga Mode. "Wa ka shigowa in ka tahi mayanka?"

Mode mahauci ne, amma mutum ne mai sanyi, ko rago sai ya shafa masa wuya kafin ya kayar. Ya yi tunani da gaske. "Babu kowa, yaya. Sai ko Kaka Habi, shekaranjiya waccan ta zo dubiya. Wadda ka amsar nama wurina don mussarta."

"Wane nama?"

"Ɗan jan nan na ƙasan maƙogwaro, wanda muka jefa wa angulu. Kullum sai ta zo, tun ina yaron mahauta."

Larai ta saki ƙeyar Zinariya. "Wace mussa? Ni na sha shiga ɗakin tsohuwar nan ɗibar wuta. Ɓeraye bisa ƙahwarta suka bi. Ba ta da kyanwa, ko gashinta ban taɓa gani ba."

Attahiru ya dubi wuyan ƙanwarsa, ya dubi Mode, ya ɗauki gorarsa ya fita.

Zinariya ta ji duk abin da aka faɗa. Ta so ta ce ya tsaya. Kafin kalmar ta hau harshenta har ya wuce zaure.

Ita ta san abin da ya kawo Kaka Habi kwana uku da suka wuce. Tsohuwar matar wani mahauci ce daga Gandi, mijin ya rasu, tana zaune ita kaɗai a bukka jikin ganuwa. Ta shigo ranar da hantsi, ta zauna bakin gado, ta daɗe tana kallon Zinariya, sannan ta janye mayafinta ta kama fatar wuyanta da ta yi yaushi kamar jakar da aka zazzage.

"Kin ga wanga? Nawa ya hi naki girma. Ni ma na yi barcin nan, na yi sanyin nan. Har an auna mini likkahwani."

"Mi kika sha, Kaka?"

Tsohuwa ta leƙa ƙofa, ta kwance bakin zanenta, ta fito da ƙullin tsumma. A ciki wani gari ne mai ƙasa-ƙasa, da ɗan ƙarni.

"Wata 'yar Borno ta koya mini, a hanyar hajji ta samo shi. Naman ƙasan maƙogwaron rago. A shanya shi inuwa, ba rana ba, a dake. Ki ɗiba da bakin yatsa biyu ki sa cikin hura, da sahe, kahin ki ci komi. In kin ƙara, zuciyarki za ta yi gudu kamar ta zomo, ki rage. Ba a gaggawa. Sai ya yi wata guda kahin ki ji jikinki ya hwara dawowa."

"In na warke sai in bari?"

"Nan ne wurin, ɗiyata. Ba a bari. Shekara goma sha huɗu ina sha. Da Gobirawa suka tare hanya aka yi wata biyu ba yanka, sai ga ni kwance kamar jiya. In kin ɗauka, kin ɗauka har kabari. Kuma ba ki hwaɗa wa kowa. Mace mai tara naman wuya a ɗaki, kin san sunan da za a ba ta."

Ta tura ƙullin ƙarƙashin matashi ta tafi. Kwana uku ke nan yana nan, Zinariya ba ta taɓa shi ba. Ƙyama take ji, abin da angulu ke faɗa a kai. Tana kuma jin tsoron igiyar da za ta ɗaura wa kanta, kullum safiya, a ɓoye, har tsufa. Ta ce bari a gwada wanzami tukuna, shi nasa na rana ɗaya ne.

Bayan azahar, tana kwance a ɗaki, ta ji hayaniyar. Tun daga nesa take tahowa, kamar ranar da aka kama ɓarawon shanu. Aka banko ƙyauren zaure. Attahiru ne a gaba, yana jan Kaka Habi da gashi, bayansa mutane sun cika gida har kan danga. Wani ya ɗaga wata igiya sama, an jera mata busassun 'yan nama baƙi-baƙi, sun fi arba'in.

"Ga shi, cikin jinka a bukkarta muka iske! Wuya, wuya, duk wuya!"

An riga an fasa wa tsohuwar goshi. Hannunta na hagu yana lilo ta inda bai kamata ya lanƙwashe ba. Wata mata da ɗanta ya rasu bara ta kwaɗa mata muciya a baya, wani ya shure ta a haƙarƙari, ta faɗi a kan tokar murhu ta tashi fari fat. Ba ta yi ihu ba, numfashi kawai take ja.

Mode ya shiga tsakani da hannuwa a buɗe. "Ku ji tsoron Allah, tsohuwa ce. A kai ta wurin alkali mana."

Attahiru ya juyo da gora ya sauke masa a baki. Mode ya zauna daɓas, haƙori ɗaya a tafin hannunsa.

"Kai ka ciyar da ita wuyan matarka shekara da shekaru, sakarai. Ku hiddo Zinariya."

Aka ɗauko ta da tabarma aka shimfiɗe a rana. Kowa a Wurno ya san yadda ake yi. Idan mayya ta kama kurwar mutum, sai a tuɓe ta a sa ta tsallake shi sau uku, kurwar ta koma. Aka fizge zanen Kaka Habi. Wasu mazan suka sunkuyar da kai, wasu ba su sunkuyar ba.

Zinariya ta tattara duk ƙarfinta. "Ba ita..." Muryar ta fito can ƙasa, a shaƙe, hayaniya ta haɗiye ta. Ta sake gwadawa. "Magani ne..."

"Kun ji?" in ji Larai. "Tana kiran sunanta."

Kaka Habi ta tsallaka ta ɗaya. Ta tsallaka ta biyu, jinin goshinta ya ɗiga a gwadon. A ta uku ƙafarta ta harɗe, ta faɗo a kan Zinariya, bakinta daidai kunnenta.

"Yi shiru, wawuya," ta raɗa. "In kin hwaɗi, mu biyu za su kashe. Yatsa biyu. Da sahe."

Aka janye ta. Attahiru ya jefa igiyar naman cikin murhu, ya tsaya har ta cinye. Sannan ya durƙusa gaban tsohuwar ya ɗora mata kan gora a maƙogwaro.

"Ki saurare ni. Na ba ki zuwa saukar ruwan hwari. In ƙanwata ta tashi, kin saki, mun bar ki da Allah. In ruwa ya sauka tana kwance, ni da kaina zan sa wa bukkarki wuta kina ciki. Kuma in an sake ganinki mayanka, a yanke ƙahwa."

Wata ta jefa mata zanenta. Aka tasa ta gaba da jifa har ta fita. Gida ya watse a hankali, aka bar takalmi ɗaya da muciya a tsakar gida.

Da la'asar ta yi sanyi, Mode ya mayar da matarsa ɗaki. Ya jiƙa tsumma yana goge mata ramuka ukun da ke wuyanta, leɓensa ya kumbura ya rufe rabin bakinsa. Ta ɗaga matashi ta nuna masa ƙullin. Ta ba shi labarin duka. Ta daɗe tana bayarwa, shi kuwa bai katse ta ba, don shi kaɗai ne a garin ya iya jiran maganarta.

Da ta gama ya zauna yana juya ƙullin a hannu.

"Ashe ita ce mussar," ya ce.

"Ita ce."

"Kuma ni na ambaci sunanta."

Ya shinshina garin. "Mu dai ba mu ci, haka muka iske iyayenmu. Amma ragon da sunan Allah aka yanka shi." Ya ɗago ya dube ta. "In kin sha kin tashi, kin san mi za su ce? Za su ce tsallaken ne. Ta tabbata mayya ke nan har ta mutu. Yaya zai riƙa yawo shina cewa shi ya cece ki."

"Na sani."

"In ba ki sha ba..."

"Su ƙone ta. Ni ma in bi ta."

"In kuma ba ya yi miki aiki? Jiki ba ɗaya ba ne."

"To, mun gwada."

"Har kabari fa, Zinariya. Ran da aka gan ki da shi, ke ce tsakar gidan nan ba zane. Ni ba zan ce ki sha ba, ba zan ce ki bari ba. Wuyanki ne."

Ta kwanta tana kallon jinka. Ta ga kanta ta tsufa, tana ɓoye igiya a can sama, tana leƙen ƙofa kafin ta dama fura. Ta ga fatar wuyan Kaka Habi da ta yi yaushi, da ƙafafun da suka yi shekara goma sha huɗu suna kai ta mayanka da kansu. Ƙaurin namanta har yanzu yana cikin ɗakin. Ta ɗaga hannunta ta duba, ya kumbura, munduwa ta nutse a ciki.

"Mode. Guda nawa ne a rago ɗaya?"

"Biyu. Ɗaya dama, ɗaya hagu."

"Sun ƙone nata duka. In ta yi wata biyu babu shi, sai ta sake kwanciya."

Ya gane. Ya gyaɗa kai. "Ina bi ta jikin ganuwa, bayan bukkarta, in zan tahi Dinawa sayen dabbobi. Ba wanda ka duba abin da mahauci ya yar."

"Ɗaya nata, ɗaya nawa."

Ta karɓi ƙullin daga hannunsa. Ba ta mayar ƙarƙashin matashi ba, ta sa shi cikin ƙoƙon da take shan fura, ta kife da faifai, inda hannunta zai fara kaiwa da safe. Mode ya miƙe zai je alwala, yana dafe da baki. Har ya kai ƙofa ta kira shi. Ya tsaya, ya jira maganar ta iso.

"Gobe in ka taso kasuwa, ka samo mana kyanwa," ta ce. "Mai yawan kuka. Wadda Larai za ta riƙa gani."